Maigidana ya ajiye maganin tansiyo, ya ce shayi ya ishe shi

Tanti, ina yi miki sallama daga Tawa. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, shekarunsa 54, yana saye a Galmi yana kaiwa kudu. Bara da damina ciwon kai da jiri suka dame shi, aka auna aka ce hawan jini ne, tansiyonsa 17/10, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ya sha na wata uku. Sai wani abokinsa na fada, majalisarsu ta shan shayi, ya nuna masa bidiyo a WhatsApp, wai koren shayi yana wanke jijiyoyi, wai shi ya sa mutanen Japan ba su ciwon zuciya. Tun ranar ya ajiye ƙwayar, ya ce ashe tun yana saurayi yake shan magani bai sani ba. Yanzu buta ba ta sauka daga kan gawayi, safe, rana da dare. Har wasu ƙwayoyi na ganyen shayi ya sayo a Kwatano. In na yi magana sai ya ce fatan ciwo nake yi masa. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara biyu kafin ya rasu. Tanti, gaskiya ne abin da suke faɗi? In ba gaskiya ba ne, ta yaya zan gaya masa gida bai ɗauki zafi ba?

Ƙanwata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan surukinki, ya ba maigida lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Mutumin da aka samu da 17/10, wanda mahaifinsa ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, bai kamata mako ya zagayo ba a sake auna shi ba, kuma bai kamata ya zauna babu magani ba. Shayi ba zai tsaya a madadin ƙwayar nan ba ko da buta goma zai sha a yini. Amma in kika tunkare shi kika ce bidiyon ƙarya ne, kin faɗi tun ba a fara ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Gobe abokin zai kawo wani bidiyon, da mutum cikin farar riga yana maimaita zancen, ke kuma ki zama mai jayayya da masu ilimi. Gara ki san inda gaskiyar ta fara da inda ta tsaya, ki fi su riƙe ta.

Ganyen da ake dafawa a fada, wanda ake kawo mana daga Sin a nannaɗe, da baƙin shayin da mai tebur yake haɗawa da madara da safe, itacensu ɗaya. Wajen sarrafawa suka rabu. Baƙin ana barinsa ya sha iska har ya rine. Koren kuwa da an tsinke shi ake ba shi zafi, a Sin a gasa shi a busasshen kasko, a Japan a turara shi, sai ya tsaya da launinsa, sinadaran cikinsa ba su juye ba. Sinadaran nan ana ce musu katekin, wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne EGCG. Baurin nan da finjalin farko yake bari a harshe, yawancinsa nasu ne.

Mutumin da yake yawo cikin lambunan Galmi ya san tiyon ban ruwa, to da shi za ki yi masa bayani. Sabon tiyo yana da laushi, in inji ya turo ruwa da ƙarfi sai ya ɗan buɗe ya karɓa. Wanda ya shekara a rana ya ƙandare, ruwa yana bin sa da matsi, wata rana ya tsage a inda ya fi rauni. Jijiyar jini ma haka. A cikinta akwai wata siririyar fata a shimfiɗe, ita ke fitar da sinadarin da yake sa bangon jijiya ya saki. Hawan jini da taba da yawan sukari a jini da shekaru suna gajiyar da fatar nan. Abin da masu bincike suka gani shi ne katekin yana ɗan taimaka mata ta ci gaba da aikinta, yana rage kitsen kolestarol da hanji yake tsotsa daga abinci, yana kuma rage lalacewar mugun kitsen da ke yawo cikin jini, wanda in ya lalace ne ya fi saurin maƙalewa a bangon jijiya. Sai dai da yawa daga cikin wannan a ɗakin gwaji aka gan shi, ko a jikin ɓeraye, da adadin da ya fi wanda yake kaiwa jinin mutum, don kaɗan ne daga abin da aka sha yake tsallake hanji. Batun wanke jijiya kuwa babu shi. Kitsen da ke toshe jijiya a cikin naman bangonta yake taruwa shekara da shekaru, babu abin shan da zai bi ya ɗauraye shi.

Zancen Japan ma yana da tushe. A 2006 aka fitar da wani babban bincike na yankin Ohsaki, a arewacin ƙasar, inda aka bi mutum 40,530 masu shekara 40 zuwa 79 na tsawon shekaru. Masu shan kofi biyar ko fiye a yini, in aka gwada su da waɗanda ba su kai kofi ɗaya ba, mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi ta ragu a cikinsu da kashi 31 cikin ɗari ga mata, kashi 22 ga maza. Yawancin bidiyoyin nan daga irin wannan binciken suke ɗebo ƙarfinsu. To amma kallon mutane aka yi suna rayuwarsu, ba raba su aka yi aka ce ku sha ku kar ku sha ba, kuma mai yawan shan shayi a can yakan bambanta da maƙwabcinsa a cimarsa da sauran halayensa. Ga kuma abin da mai bidiyo bai faɗa ba, wanda nake so ki riƙe fiye da kome. Daga 1951 har zuwa 1980, babu ciwon da ya kai shanyewar ɓarin jiki kashe mutane a Japan. Duk tsawon shekarun nan koren shayinsu suke sha, kamar yadda kakanninsu suka sha. Abin da ya yi musu yawa gishiri ne, musamman a arewa inda ake cin kifi da ganyaye masu gishiri. Ciwon bai ja baya ba sai da aka dage da rage gishiri, aka riƙa auna tansiyon jama'a a kai a kai, aka ba masu hawan jini magani. Wato mutanen da ake kafa wa maigida hujja da su, ƙwayar da ya ajiye tana cikin abin da ya cece su.

Da aka zo aka yi gwaji na sosai, aka ba wasu shayi ko sinadarinsa aka hana wasu, an ga tansiyo ya sauka, amma da maki 2 zuwa 3 kawai. A nan sai ki lura da yadda muke ƙirga. Abin da ma'aikacin lafiya yake ce wa 17, a na'ura 170 ne. In shayi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, 170 ya koma 167 ko 168, wanda in aka tambaya 17 ɗin dai za a ce. Ana so maigida ya dawo ƙasa da 14/9, tafiyar maki 30 ke nan da ɗoriya. Ƙwayar tansiyo guda ɗaya takan sauke kimanin maki 9 ko 10, shi ya sa mutane da yawa sai an haɗa musu biyu. Kuma a 2016 an tattara gwaje-gwaje 123 da suka ƙunshi mutum sama da 600,000, aka ga duk maki 10 da aka sauke yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Na kolestarol ma kaɗan ne: wani nazari na 2011 da ya haɗa gwaje-gwaje 14 ya samu mugun kitsen ya ragu da abin da a takardar gwajin jininmu za a rubuta giram 0,02 a lita. Alheri ne, ban raina shi ba, amma ba ya tsare mai 17/10.

Duk wannan ma shayinsu ake magana, ba namu ba. Su ruwan zafi suke zubawa a kan ganye na minti ɗaya ko biyu su tsiyaye su sha, babu sukari ko ƙwara. Mu kuwa kin sani. Finjali guda na ganye a ƴar buta, ruwa kaɗan, a bar shi kan gawayi yana tafasa har ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, sannan a kawo sukari a zuba, a ɗaga buta sama a tsiyaya, a mayar, a sake tsiyayawa har kumfa ta tsaya a bakin finjali. Mai haɗawa ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ƙara sukari. Na biyu a ƙara, na uku kusan ruwan sukari ne zalla da ƙanshin na'ana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma 25. Ƙwarar sukari ɗaya ta kwali wajen giram 5 ce. Ko da ƙwara ɗaya ce tak take faɗawa kowane finjali, zama uku a yini finjali tara ke nan, ya kusa cika ma'auni tun bai taɓa fura ko lemun kwalba ba. Kar ki tsaya ga lissafina, ki lura da kwana nawa kwalin sukari yake yi a gidanki yanzu, da kwana nawa yake yi bara.

Doguwar tafasar nan kuma tana fito da kafeyin ɗin ganyen kusan duka, shi ne yake hana barci, yake sa zuciya bugawa, yake kuma ɗaga tansiyo na wasu sa'o'i bayan an sha. A ɗora goro a kai, wanda shi ma kafeyin ne da shi. In akwai sigari a fadar, ko nasa ko na na kusa da shi, to ɓarnar da hayaƙin yake yi wa fatar cikin jijiya ta shafe ɗan gyaran da ganyen ya yi har ta wuce. Ba ki gaya mini ko yana shan taba ba. In yana sha, ita ce ta biyu bayan ƙwaya a abin da za a yi fama da shi, shayi yana can baya.

Ƙwayoyin Kwatano kuwa, su nake so su fara barin gidan. Shayin da aka dafa aka sha ba a san shi da cutar da hanta ba, amma sinadarin da aka tatso aka dunƙule a ƙwaya wani abu ne dabam. A 2003 Faransa da Sifen suka janye wani maganin rage ƙiba da aka yi da shi daga kasuwa, bayan hantar wasu masu sha ta lalace. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce daga miligiram 800 na EGCG a yini, in a ƙwaya aka sha, ana ganin alamun hanta tana wahala. A ƙasarmu da mutane da yawa suke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba, wannan ba abin wasa ba ne. In kin ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko abinci ya fita ransa da tashin zuciya, ku tafi gidan likita da kwalbar a hannu.

Sannan in ya koma kan magani, ya gaya wa likita gaskiyar yawan shayin da yake sha. Akwai magungunan da koren shayi yake hana hanji tsotsa. A 2014 a Japan aka gwada wani maganin tansiyo mai suna nadolol, aka ga wanda yake kaiwa jini ya ragu da kashi 85 cikin ɗari ga waɗanda suka yi mako biyu suna shan shayin. Ba kowane magani ke haka ba, shi ya sa za ku tafi da kwalin nasa a duba. Ƙwaya dai da ruwa zalla ake haɗiye ta, ba da na farko ba.

Yanzu ga mai wuyar, yadda za ki yi da shi. Ni ban yarda bidiyo ne ya sa ya ajiye magani ba. Bidiyo ƙofa ce ya samu a buɗe. Mutumin da ya yi shekara biyu yana ɗaga mahaifinsa yana kwantarwa, da aka miƙa masa takarda aka ce wannan har ƙarshen rayuwa ne, abin da ya ji shi ne layin tsohon aka sa shi. Kowace safiya ƙwayar tana tuna masa. Shi ya sa in kin yi magana yake jin kamar fata kike yi. Don haka ki daina ambaton mahaifinsa, ya fi ki tunawa. Kuma mai yiwuwa akwai abin da ƙwayar take yi masa da bai faɗa ba. Wata tana kumbura ƙafa, wata tana sa busasshen tari, wata tana sa yawan fitsari, wanda ga mai kwana biyu a kan babbar mota azaba ce. Wata kuma tana rage wa namiji ƙarfi, wannan ko da wuƙa a wuya ba zai gaya miki da rana ba. Duk waɗannan ana canza su da wata, iri-iri ne. In kuɗi ne, a nemi mai sauƙin farashi a farmasi, aikinsu ɗaya. Ki tambaye shi cikin dare, ku biyu, ba ranar da ya dawo daga tafiya ba, ba gaban yara ba: Alhaji, wai ƙwayar nan akwai abin da take sa ka? Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana.

Kar ki yaƙi shayin. Fada ita ce majalisarsa, can yake jin farashin buhu da labarin hanya, wanda ya ce ya bar ta ya zama abokin gaba. Ki ce masa kin bincika, kin ji lallai ganyen yana da amfani ga jijiya, kuma gaskiya kika faɗa. Sannan ki ce tunda ya yi watanni a kansa, ku je a auna a ga aikin da ya yi, ke ma a auna ki. Ki bar na'ura ta yi gardamar. A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko a farmasi duk ana yi, mintoci kaɗan ne. Kada ya sha shayi ko ya ci goro ko ya sha taba rabin awa kafin nan, ya zauna ya huta minti biyar, kuma a maimaita a ranaku biyu ko uku a rubuta a takarda. Zai ce ai kansa ya daina ciwo. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, mutane da yawa ranar da suka faɗi ce ranar da suka san suna da shi. In lambar ta kai 18/11, ku ga likita a ranar, kar a ce sai an dawo daga Kwatano.

In ya ƙi zuwa, kar ki yi ta nanatawa har maganarki ta zama iska. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinsu, ki gaya masa a asirce. Malamai sun san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma daga bakinsu ya fi shiga. Shi kansa abokin mai bidiyo ba mugu ba ne, so ne ya sa ya nuna. Na tabbata a fadar nan akwai masu hawan jini biyu ko uku da ba su taɓa miƙa hannu an auna ba. In aka samu wanda zai ce gobe mu je gaba ɗaya, maigida zai tafi cikin raha, ba a matsayin majinyaci ba.

Tukunya kuwa a hannunki take, ba sai kin nemi izini ba. Ana so gishirin babba a yini kada ya wuce giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma ga jijiya ƴar'uwar gishiri ce, ga yaji ga kilishi ga tsire. Mai hawan jini in ya rage gishiri sosai yakan samu sauƙin kimanin maki 5, ya fi abin da shayi zai ba shi. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ki cike da daddawa da tafarnuwa da citta da albasar da ba ku rasa ta, harshe yana sabawa. Shayin gida ma ki karɓi haɗa shi wani lokaci, ki rage tafasa, ki rage sukari da ƙwara ɗaya-ɗaya, ki yawaita na'ana'a, na ƙarshe ya zama kafin magariba don ya samu barci. Ke da ƴanmatanki kuma ku bar awa guda bayan cin abinci kafin ku sha, don shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, ƙarancin jini kuma ya yi wa matanmu yawa.

Abu ɗaya ki koya wa kowa a gidan, har da direba da yaran motar da yake tafiya da su. In bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya warware, a kai shi babban asibiti mafi kusa nan take. Kada a ɗura masa kome a baki, kada a jira gari ya waye, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara don likita zai tambaya. In ya koma kan ƙwayar, duk tafiya ki ƙirga masa ta kwanakin da zai yi har da rarar mako guda, ta zauna a aljihun rigarsa ba cikin kaya ba, ki kuma ɗauki hoton takardar maganin a wayarsa ko da ta ƙare masa a hanya. Ki rubuto mini lambobin da aka samu da sunan da ke jikin kwalin.